Tambaya: wace manhaja ce za ta riƙe ƙananan yara a doguwar tafiya inda babu sabis?

Maman Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Akwai tafiya a gabanmu, kamar awa tara a mota, bayan kwana biyu kuma awa biyar a jirgin sama. Yaran biyu ne, mace 'yar shekara uku da namiji ɗan shekara shida. Abin da ke hannu shi ne kwamfutar hannu guda ɗaya mai Android, ma'ajiyarta gigabait 32, sai tsohuwar iPhone da babu layi a ciki. Wace manhaja zan sa musu wadda ke aiki ba data, kuma ba talla? Ta yaya zan hana ƙaramar fita daga wasan ta shiga taɓe-taɓe? Sai batun caji, da kuma ko kallon allo a cikin mota yana da illa. Na gode.

Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo kan sunan manhaja, ga abin da ya fi jefa iyaye cikin wahala a hanya. Wasa yana aiki lafiya lau a gida, da an fita gari sabis ya ɗauke sai ya tsaya yana juya ɗan da'irar nan a tsakiyar allo, yaro kuma ya ɓare baki. Dalili shi ne manhajoji da yawa ɓawonsu kawai ake saukewa daga Play Store. Ainihin kayan ciki, muryoyi da hotuna da matakan wasa, sai an buɗe su da intanet suke saukowa kaɗan-kaɗan. Wasu kuma da talla suke ci, in ba su samu hanyar ɗauko tallan ba sai su ƙi buɗewa.

Gwajin ɗaya ne. Kwana biyu kafin tafiya ki sauke komai, ki buɗe kowace manhaja da intanet ki leƙa kowane sashe nata. Sannan ki danna alamar jirgin sama, ki tabbatar Wi-Fi ma a kashe take, ki kashe na'urar gaba ɗaya ki sake kunna ta, ki buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kada ki tsallake kashewa da kunnawar nan, domin wata manhajar da abin da ta riƙe na ɗan lokaci take tafiya, sai an sake kunna na'ura take nuna halinta. Duk wadda ta faɗi wannan gwaji ki goge ta. Bayan haka ki kashe sabuntawa ta kai-tsaye a Play Store, don kada a daren tafiya wata ta sabunta kanta ta koma neman a sake sauke kayan cikinta.

Waɗanda zan ba ki shawara a kansu, dukkansu kyauta ne kuma babu talla. GCompris ita ce ta farko. An fara ta tun shekarar 2000, an yi ta don yara 'yan shekara 2 zuwa 10, ayyukan da ke ciki sun haura ɗari: haɗa hoto da hoto, ƙirga, launuka, wasan tuna inda kati yake, har da dara ga manya-manyansu. Kowane aiki yana da alamar taurari da ke nuna wahalarsa, kuma a saitinta za ki iya ɓoye masu wuya don kada 'yar shekara ukun ta faɗa abin da ya fi ƙarfinta ta fusata. Muryoyinta daban ake sauke su, ki yi hakan tun kina da intanet. Tux Paint ta zane ce, tana da sauti mai daɗi duk lokacin da yaro ya ja layi ko ya buga hatimi, kuma ba a cin kowa a cikinta, shi ya sa take riƙe ƙananan yara fiye da yadda ake zato. Khan Academy Kids ta 'yan shekara 2 zuwa 8 ce, da Turanci take magana, amma ki lura ba dukkanta ke aiki ba intanet ba. Akwai sashe a ɗakin karatunta da aka ware don haka, abin da kika sauke a nan shi kaɗai za ki samu a hanya. Ga ɗan shekara shidan kuwa, ScratchJr. An yi ta don 'yan shekara 5 zuwa 7, yaro yana jera ƙananan tubala masu alamomi ya sa mage ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta yi magana da muryar da shi ya naɗa. Ba ta buƙatar ya iya karatu, ba ta buƙatar intanet. Sai dai ki zauna da shi minti ashirin a gida ki nuna masa tubalin farawa da na motsi, domin in a mota ya fara ganinta, zai ajiye ta.

Huɗu ko biyar sun isa. Idan manhaja ta kai ashirin a allo, yaro ba ya wasa, shiga da fita kawai yake yi.

Batun kulle yaro a cikin manhaja ɗaya. A Android ki shiga saiti, sashen tsaro, ki nemi App pinning, a wasu na'urorin Samsung Pin app ko Pin windows aka rubuta. Ki kunna, ki kuma kunna zaɓin da ke neman lambar sirri kafin a cire. In ba ki kunna wannan na biyun ba aikin banza ne, ɗan shekara shida zai gano hanyar fita kafin ku yi nisa. Daga nan ki buɗe wasan, ki kira jerin manhajojin da ke buɗe, ki taɓa alamar wasan a sama, ki zaɓi maƙalewa. A iPhone abin ya fi kyau. Sunansa Guided Access, yana ƙarƙashin Accessibility a saiti. Ki kunna ki sa lambar sirri wadda ba ita ce ta buɗe wayar ba, ki buɗe wasan, ki danna maɓallin gefe ko na gida sau uku a jere. Kafin ki fara, za ki iya zagaye wani wuri a allon da yatsa, wurin ya mutu ba ya amsa taɓi, ki kashe maɓallan ƙara sauti, ki kuma sa masa lokacin tsayawa.

Ko da kina ganin ba intanet, ki rufe hanyar saye. A Play Store ki sa a nemi tabbaci a kowane saye, a iPhone ki shiga sashen Screen Time da ke saiti ki hana saye a cikin manhaja. Wi-Fi ta masauki ko ta filin jirgi tana iya kamawa ba ki sani ba.

Anti Nas ta amsa:

Sannu Maman Yara. Abin da Injiniya ya faɗa daidai ne, amma ki raba tafiyar biyu a ranki, don abin da ya dace da jirgi ba shi ya dace da mota ba.

A mota matsalar tashin zuciya ce. Cikin kunne akwai sashen da ke jin motsi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, ana kwana, ana hawa da sauka. Ido kuma ya kafe a kan allon da ba ya motsi yana cewa a zaune ake. Wannan saɓani ne ke kawo jiri da amai, kuma ya fi kama yara daga shekara 2 zuwa 12, wato duka naki biyun suna ciki. Wasan da ke sa yaro sunkuyar da kai yana bin ƙananan abubuwa da ido, kamar zane ko jera tubala, shi ya fi tayar da shi. Saboda haka Tux Paint da ScratchJr ki fi ajiye su don jirgi da wuraren tsayawa. A cikin mota abin saurare shi ne kan gaba: tatsuniyoyi, waƙoƙin yara, ko labarin da ke da kanki kika karanta kika naɗa a waya. Kunne yana aiki, ido yana kallon waje. Idan dole sai an kalli wani abu, to ya zama a miƙaƙƙiyar hanya mai santsi, allon yana daidai da idonsa, minti 15 zuwa 20 a huta. Hanya mai kwane-kwane ko gargada, a kashe.

Yaro ƙarami ba zai ce miki zuciyarsa na tashi ba. Abin da za ki gani shi ne ya yi shiru ba dalili, yana hamma a kai a kai, yana haɗiyar yawu, gumi mai sanyi ya tsatso a goshinsa, fuska ta ɗashe. Da kin ga haka ki karɓe na'urar nan take, a buɗe gilashi iska ta shigo, ya kalli can nesa ta gaban mota, in da hali a tsaya ya taka ƙasa. Jira ya gama wasan shi ke kai wa ga amai. Maganin hana jiri kuma kada ki ba 'yar shekara uku sai da shawarar likita.

Sai kunne, wanda ya fi damuna, don illarsa ba ta nuna kanta a ranar. Mota da jirgi duka suna da ƙugi, yaro kuma zai yi ta ƙara sauti har sai ya rinjayi ƙugin. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya sa wa yara desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na awa 40 a mako, manya 80. Yawancin hedifon ɗin yara ana taƙaita su ne a 85, wanda ya fi wancan, don haka kada ki ɗauka tunda an rubuta na yara ne shi ke nan. Ki nemi mai rufe kunne gaba ɗaya da soso mai kauri, yana tare hayaniyar waje, yaro ba ya buƙatar ƙarawa. Iyafis mai shiga cikin kunne bai dace da ƙarama ba. A iPhone akwai wurin rage sauti mai ƙarfi a saitin sauti, ki ja shi zuwa 75. Gwaji mai sauƙi kuma: ki yi masa magana da muryarki ta kullum kina kusa da shi, in bai ji ba sautin ya yi yawa.

Hukumar dai a 2019 ɗin ta ba da shawarar kada 'yan shekara 2 zuwa 4 su wuce awa ɗaya a gaban allo a yini. Ranar tafiya ba kamar sauran ranaku ba ce, ban ce ki tsaya da agogo a hannu ba, amma ki gutsuttsura lokacin, kuma ki kashe allon kamar awa ɗaya kafin lokacin da kike so su yi barci. Idan ta kalli katun har idonta ya bushe, barcin da kike fata a rabin hanya ba zai zo ba, rigima ce za ta zo.

Mai Gyaran Waya ya amsa:

Hajiya, ni ɓangaren wuta da ma'ajiya zan taɓa.

Bidiyo shi ke cinye wuri. Lissafin haka yake: bidiyon da ke tafiya a megabit ɗaya cikin daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Katun a 480p, wato matsakaicin ingancin hoto, bai cika wuce haka sosai ba, kuma a ƙaramin allo yaro ba zai bambance shi da wanda ya fi shi ingancin hoto ba. Awa shida ke nan a ƙasa da gigabait uku. Ki bar aƙalla gigabait biyu ko uku ba komai, na'urar da ta cika maƙil nauyi take yi, wasa ya riƙa tsayawa. In tana karɓar memori, ki zuba bidiyon a can. Abin da kika sauke a cikin Netflix ko YouTube yana da wa'adi. Wasu finafinan Netflix awa 48 suke yi bayan an fara kallo su mutu, YouTube kuma tana son ta ga intanet cikin kusan kwana 30. To ki sauke su daf da tafiya, ki sake dubawa a masauki kafin ranar jirgi. Fayil ɗin da ke kan na'urar kai-tsaye, wanda ake buɗewa da manhajar kallon bidiyo ta VLC, ba ya mutuwa, kuma VLC tana da ɗan kwaɗo a allo da ke hana taɓi tsayar da bidiyo.

Caji. Ramin USB da ke jikin motoci da yawa an yi shi ne don kiɗa, rabin amfiya yake bayarwa, wat biyu da rabi ke nan. Kwamfutar hannu da allonta ke kunne tana iya shan fiye da haka, sai ki ga alamar caji tana nan amma batir yana sauka. Ki samu caja mai shiga ramin kunna sigari, mai wat 18 ko 20, mai baki biyu, da igiya mai tsawon mita biyu mai kauri. Siririyar igiya mai arha tana zubar da wuta a hanya. Ki bi da ita ta gefen kujera, kada ta ratsa kusa da wuyan yaro. Abin da ya fi shan batir hasken allo ne, ki sauke shi zuwa rabi, ki sa labule ko abin tare rana a gilashi don kada su nemi ƙari.

Fawa banki mai 10,000 mAh, a kan volt 3.7, wat-awa 37 ne, wato yawan wutar da yake ɗauke da ita. Abin da zai isa na'urar bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, sauran ya tafi a zafi da juya wuta. Kusan caji ɗaya ke nan na kwamfutar hannu. Mai 20,000 wat-awa 74 ne, yana ƙasa da iyakar 100 da jirage ke yarda da ita. A jakar hannu ake sa shi, ba a babban akwatin da za a auna ba, kuma rubutun ƙarfinsa ya zama ana iya karantawa. Tun 2025 wasu kamfanonin jirage sun hana a yi caji da shi a cikin jirgi ko da an yarda a shiga da shi, ki duba dokar kamfanin da za ku hau, ki kuma shiga da na'urorin a cike.

Zafi yana kashe batir. Apple ta ce na'urorinta su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35. Kwamfutar da ke cikin robar nan mai kauri ta yara, tana caji, tana nuna bidiyo, rana na dukanta ta gilashi, za ta rage haske da kanta ko ta daina caji ko ta mutu. Idan bayanta ya yi zafi a tafin hannu, ki cire caja ki zare robar ta sha iska. Kada a bar ta a motar da aka rufe a rana. In kin ga allon ya fara ɗagowa daga gefe, batir ya kumbura, kada a sake sa ta a caji.

A mota ki ɗaure ta da mariƙi a ƙarafunan majinginar kai na kujerar gaba. Na'ura mai rabin kilo a hannun yaro, in aka taka birki da ƙarfi, fuskarsa ko ƙeyar na gaba za ta nufa.

Maman Yara ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Anti, ban san hamma alama ce ba. Saura abu ɗaya: kwamfutar ɗaya ce, kowa ita zai so, babu mai son ƙaramar wayar. Kuma lokacin karɓewa shi ne yaƙi. Ya ake yi?

Malamar Nazare ta amsa:

'Yar'uwa, wannan ya fi batun manhaja wuya. Abu na farko, kada ki fito da na'urar da an tashi. Awa ta farko yara suna cikin ɗokin tafiya, kallon hanya ya ishe su. In kin miƙa musu tun a bakin ƙofa, babu abin da zai rage miki a awa ta shida, lokacin da gajiya ta kama kowa. Ki jera abin haka: kallon waje da hira, sai abin saurare, sai littafin hotuna ko takarda da fensir mai launi idan an tsaya, sai allo a ƙarshe. Kowane awa biyu a tsaya minti goma zuwa sha biyar su yi gudu, ƙafa ta saki.

Rabo kuma, ki bar agogo ya zama alƙali. Ki sa ƙararrawa a wayarki ta minti 15, da sautin da kuka zaɓa tare a gida. Da ta kaɗa a yi musanya, wanda ya miƙa kwamfutar ya karɓi wayar da hedifon yana sauraren labari. 'Yar shekara uku ba ta san minti 15 ba, amma ta san idan tsuntsu ya yi kuka lokacin Yaya ya yi. Ku gwada wannan sau biyu ko uku a gida kafin ranar, ya zama ba sabon abu ba ne. Ki fara da ƙaramar, ita ce ba ta iya jira. Sannan kowanne ya samu wani abu nasa shi kaɗai a ƙaramar wayar, wanda babu shi a babbar, misali hotunansa da na 'yan gida a kundi guda. Yara suna iya yin minti ashirin suna kallon fuskokinsu, wayar da aka raina sai ta yi daraja.

Wajen karɓewa, fizgewa a tsakiyar wasa ita ke kawo kururuwa. Ki faɗa tun da wuri da abin da yaro ke iya gani: idan wannan katun ya ƙare, ko idan ka gama wannan hoton. Shi ya sa gajerun bidiyo na minti bakwai zuwa goma suka fi dogon fim, kowanne yana da ƙarshensa, amma ki kashe zaɓin da ke kunna na gaba da kansa. Ki kuma riƙe abin da za ki sa a hannunsa nan take, ko 'yar tsana ko sitika, domin hannun da aka bari haka nan kwamfutar zai sake miƙa wa. Wasannin da ba su da ƙarshe, masu gudu da tara zinare da walƙiya a allo, ki bar su gaba ɗaya a wannan tafiya. An gina su ne don kada a ajiye, kuma su ne yaro ke fitowa daga cikinsu a hargitse.

Injiniya ya ƙara:

Malama ta gama magana. Ƙari biyu kawai, Hajiya. Idan za su kalli katun ɗaya tare a jirgi, akwai ɗan abin raba sauti mai baki biyu da ake sa wa a ramin hedifon na milimita 3.5. Sautin yana ɗan raguwa idan an raba, ki gwada a gida da hedifon ɗin da za su yi amfani da su. In na Bluetooth ne, ki tuna alamar jirgin sama takan kashe shi, sai kin sake kunna shi da hannu.

Idan kuma kin sa Family Link, manhajar da iyaye ke kula da na'urar yaro da ita, a kwamfutar da iyakar lokaci na yini, ki ƙara lokacin ranar tafiya tun kuna gida. Iyakar tana aiki ko ba sabis, amma umarnin da za ki aika daga wayarki na a buɗe ba zai isa ba sai da intanet. A irin wannan hali akwai lambar iyaye da manhajar ke bayarwa a wayarki, ita ake shigarwa a na'urar yaron ta buɗe. Ki nemo inda take a manhajar yau, ki gwada ta sau ɗaya da alamar jirgin a kunne.